Sarkin Burma da Ragon Sunan Jikana

Sana'ata dillancin tumaki, a kasuwar dabbobi ta kudancin Jidda. Da korar garke na fara, daga bakin jirgi zuwa shinge, ina bin ragunan Sudan da sanda cikin rana, har Allah ya sa na yi shingen kaina. Ban yi nisa a makaranta ba. Abin da na sani na tarihi a bakin mutane na ji shi, kuma sarkin da na fi sanin labarinsa duk duniya sarkin Burma ne, wanda ya mutu yau shekara ɗari huɗu da ɗoriya. Sau ɗaya na yi rigima da shi, a unguwar Mahjar.

Wanda ya haɗa ni da shi wani mahauci ne Burmawi, gajere, mai siririn farin gemu, da yake sayen dabba a hannuna tun muna da ƙarfinmu. Burmawa suna da yawa a nan da Makka, mafi yawansu mutanen Arakan ne, can yammacin ƙasarsu. Shi yakan ce nasa kakannin ba daga can suka faro ba, fatake ne Musulmi a birnin Pegu, daga baya wahala ta tura su yamma. Ina ce masa "ya Burmawi", yana ce mini "ya Takruni", sunan da ake kiran irinmu baƙaƙen fata da shi a nan, babu mai jin haushi. In kasuwa ta kwanta bayan azahar sai ya zauna a kan buhun abincin dabbobina, a kawo shayi, ya ɗauko labarin sarkin nan. Bai taɓa kama sunansa ba. "Mai farar giwa" yake ce masa, sannan ya tofar da yawu gefe.

Abin mamaki, yana tofar da yawun amma idonsa yana ƙyalli. Ya ce a ƙasarsu ana cewa mutumin ba ɗan kowa ba ne, ubansa mai hawan giginya ne yana tatsar ruwanta. Uwarsa aka ɗauka ta shayar da ɗan sarki, suka tashi tare a fada, nono ɗaya. Da ya zama saurayi, ɗan sarkin kuma ya hau gado, aka kama shi yana soyayya da 'yar'uwar sabon sarkin, laifin da ake sare kai a kansa. Abokansa suka ce ya gudu ko ya yi tawaye. Ya ƙi, ya je ya miƙa kansa. Sarki ya dube shi, ya yafe, ya ba shi yarinyar.

Na ce, "Wannan ya san ciniki. Ya gane mai saye ba zai bar kayan ba."

"Kai komai ciniki ne a wurinka."

"To mene ne in ba shi ba?"

Wata rana ya ba ni labarin wani kogi. Mutumin ya haye da 'yar rundunarsa a kan gora da aka ɗaɗɗaure, maƙiya a gaba sun ninka su. Sai ya sa aka farfasa abin hayin gaba ɗaya, don kowa ya san babu komawa. Ya ci yaƙin. Daga baya surukin nasa, sarkin, ya faɗa shan giya, wani bafade ya kashe shi, ƙasa ta watse, kowane gwamna ya ce shi ne sarki, har da 'yan'uwansa na jini. Mutumin nan ya dawo da mutane kaɗan, ya karɓe garuruwan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama bai zauna ba. Ya ci ƙasashen duwatsun arewa, ya ci ƙasar Siyam da ta hana shi fararen giwaye, ya kwaso giwayen da masu sana'a da 'ya'yan sarauta, ya gina fada mai rufin zinariya a Pegu. Ya sa mudu da ma'auni suka zama ɗaya a duk ƙasar da yake mulki. Wannan kam na yaba masa, don duk wanda ya taɓa sayen hatsi a gari biyu ya san abin da hakan yake nufi. Ya kuma hana sarakunan duwatsu binne bayi da dawakai tare da gawar ubangijinsu.

"To me ya yi maka kake tofar masa da yawu?" na tambaye shi.

Ya ajiye kofin. Ya ce sarkin mabiyin Buda ne mai tsanani, zubar da jinin dabba ƙazanta ne a wurinsa. Sai ya hana Musulmin birnin yanka, ko akuya ko kaza, ya hana layya. Mutumin da ya cika koguna da gawar mutane, in ji shi, shi ne jinin kaza ya dama.

Na yi dariya a lokacin. Ban san dokar nan tana raye ba, a wani gida da ke bayan tashar mai a Mahjar.

Babban ɗana ya ga 'yar mahaucin, ta gan shi, suka daidaita. Mutanenmu sun yi gunaguni, nasu ma sun yi, ni da shi muka toshe kunne aka ɗaura aure. Daga ranar ya daina ce mini Takruni sai in ya ji haushi, ya koma "ya nasibi", wato surukina. Sallar layya ta farko bayan auren aka aiko mana da kwano daga gidansa. Matata ta buɗe, ta ga ɗanyar shinkafa. Har ta fara cewa wace irin rowa ce wannan, sai ta tura hannu ta ji nama a ƙasa, cinya guda, an naɗe ta da ganye. Muka ɗauka wata ƙawa ce ta mutanen gabas, muka ci, muka manta.

Da matar ɗana ta yi nauyi, na ce a bi al'adarmu, haihuwar fari a gidan iyayenta. Su ma haka suke so. Ta haifi namiji. Rago a kaina yake, tunda ni ne kakan wajen uba, suna ma a bakina yake. Yanka kuwa babu wanda za a ba sai kakan wajen uwa, mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da wuƙa. Na shiga shingena na ware wani ragon Sudan ɗan Sawakin mai faɗin baya, wanda wani Balarabe ya yi ta zarya a kansa na ƙi sayarwa. Ragon yana da murya. In ya yi kuka sai shingen maƙwabci ya amsa.

Sunan mahaifina na yi niyyar sa wa yaron, kuma a nan ne maganar take. Mahaifina daga Sudan ya kawo mu aikin hajji ina ƙarami, ya zauna, bai taɓa samun iƙama ba, wato takardar zama, har ya koma ga Allah. A wani ɗaki muka tashi a unguwar Ammariyya, inda in an ƙwanƙwasa ƙofa kowa yake ɗauke numfashi. Mahaifiyata ba ta kama sunansa don kunya, mu 'ya'yansa ba ma kamawa, a waje kuma shi da kansa ba ya so a kira shi da ƙarfi, kada wani mai kaki ya waiwayo. Mutum ya yi rayuwarsa duka ba a ji sunansa ya tashi sama ba. Na kuma san in an sa wa jariri sunan, daga ranar laƙabi za mu riƙa kiransa da shi, don ba za a yi ta ambaton sunan tsoho a tsakar gida ana cewa zo nan, bar wannan ba. Dama ɗaya ce ke nan: lokacin da aka ɗora wuƙa a wuyan rago aka ce wannan na wane ne, jama'a suna ji.

Ana jibi suna na je gidan surukin nawa bayan la'asar don mu tsara. Gida ne irin na da, mai tsakar gida da katanga, a ƙuryarsa akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe shuɗiya, babu taga. Ya nuna mini shi da haɓa.

"A nan za a yi. Ka kawo ragon da sassafe. Ni da kai da yaronka za mu shiga, a rufe."

"A rufe me?"

"Ƙofa."

Ya yi mini bayani a natse, kamar mai faɗin yadda ake alwala. A gidansu ba a yanka a fili. Ana shiga ɗaki, a rufe, a ɗaure bakin dabbar da tsumma. Bisimilla da kabbara a cikin raɗa, sunan yaro ma a cikin raɗa. Jinin a tare shi a kwano mai yashi a binne. Mata da yara ba sa gani. Naman kuma ya fita a ƙarƙashin shinkafa. Haka ubansa ya yi a Arakan, haka kakansa, haka har zuwa mutanen Pegu da suka ƙi bin dokar mai farar giwa suka riƙa yanka a ɓoye.

Na ce, "Ya nasibi, mutumin nan ya mutu."

"Na sani."

"Kai ka gaya mini. Yana shirin yaƙi da Arakan ciwo ya kwantar da shi. Kai ka ce ɗansa bai iya riƙe komai ba, ƙasashen suka ɓalle, aka ƙone fadar zinariyar, daji ya cinye birnin. Ko bakinka ne ba naka ba?"

"Bakina ne."

"To wa kake ɓoye wa? Ma'aikatan baladiyya masu hana yanka a titi? Ƙofar waje tana rufe, ba a titi za mu yi ba. Nan da Ka'aba tafiyar mota ce ba ta yini ba. A ƙasar da ake yanka dabbar da ba ta ƙirguwa ranar Sallah, kai kana ɗaure wa rago baki."

Ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Kai kana ganin tsoro ne. Duk ranar da na rufe ƙofar can, ina tsaye ne tare da mutanen da aka ce kada su yi, suka yi. In na buɗe, na bar su su kaɗai a ciki."

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ni ma ina da nawa mutumin da aka bari a cikin ɗaki. Na gaya masa labarin mahaifina, abin da ban taɓa gaya masa ba duk shayin da muka sha. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce amma ƙofa za a rufe.

Ɗana ya biyo ni har mota. Haifaffen nan ne, rabin maganarsa Larabci.

"Ya Baba, halas, mafi mushkila, babu matsala. Su ai biyu suke yanka wa namiji. A yi ɗaya a ɗaki yadda yake so, ɗaya mu kai mayanka, kowa ya huta."

"A mayanka wa zai ji? Injin ɗaga nama?"

"To a yanka a ɗakin, in mun fito sai a sanar da sunan."

"Wannan labari ne za a ba mutane. Ni so nake su ji da kunnensu a lokacin."

"Wallahi ku biyun nan kun fi jaririn rigima."

Na kwana biyu ina juya abin. Ba na son ɓata da mutumin, jikan nawa nasa ne, kuma yarinyar tana kwance a gidansa da ɗanyen jiki. Kai ragon wani wuri cin fuska ne da ba zai goge ba. Gardama kuma na san ba ta motsa shi, na yi ciniki da shi shekaru, in ya faɗi kuɗi ko za a rufe kasuwa ba ya ƙarawa. Irin wannan mai sayen ba a ja da shi. Canza masa wurin tsayuwa ake yi.

Ranar suna na isa da ragon a bayan wanet ɗina, 'yar motata ta ɗaukar kaya, gari ya fara haske. Na san bayan asuba yakan tsaya a layin mai gasa burodin tamis ya sayo wa gida burodi da dafaffen waken ful, kuma ran taro layin zai ɗauke shi lokaci. Matarsa ce ta buɗe mini, tsohuwa mai ƙaramin jiki da ba ta cika magana ba. Na ja ragon zuwa ɗan ɗakin, na ɗaure shi. Sannan na zaro abin kwance ƙusa daga aljihu.

Ƙusoshin sun yi tsatsa, gishirin iskar Jidda ba ya barin ƙarfe. Ina murɗawa suna ƙara. Na waiwaya sai na ga tsohuwar a bakin kicin tana kallona. Muka haɗa ido. Ta koma ciki, sai na ji ta kunna famfo ta hau wanke tukwane da ƙarfi, tukwanen da na tabbata tun jiya a wanke suke. Na ciro ƙofar, na saɓa ta a baya, nauyinta ya kusa karya mini ƙugu. Na jefa ta a wanet, na kai motar can gaban tashar mai, na dawo a ƙafa ina haki.

Kafin ya dawo mutane sun fara taruwa. 'Yan'uwana na Ammariyya da manyan riguna, abokan kasuwa, wani likita ɗan Najeriya da ke sayen rago a wurina, Burmawa da zannuwansu na ɗaurawa sun jeru a jikin katanga. Mata suna ciki, amma labulen ɗakinsu a ɗage yake kaɗan. Ya shigo da ledar burodi a hannu, ya gaisa da kowa, ya nufi ƙurya. Ya tsaya. Ragon yana kallonsa ta inda ƙofa take a da.

"Ina ƙofata?"

"Ta tafi Abhur shan iskar teku," na ce.

Wani cikin 'yan'uwana ya tuntsire, ya rufe baki. Burmawan ba su yi dariya ba. Wani dattijo a cikinsu ya faɗi wata magana da yarensu, da ganin fuskarsa ba addu'a ba ce.

"Ya Takruni," in ji shi, a hankali. "A gidana?"

"A gidanka, ya nasibi. Ɗakinka ne, wuƙarka ce, ban taɓa komai ba sai ƙarfe ɗaya. Kai ka ba ni labarin mutumin da ya farfasa abin hayinsa."

"Wannan la'ananne kake koyi da shi?"

"Abu mai kyau ko a shingen maƙiyi na gan shi ina saye."

Ya juya ya kira matarsa, ya ce ta kawo bargo a rataya. Muka jira. Famfo yana ta zuba a kicin. Ya sake kira. Ta amsa daga ciki da Larabcinta mai karyewa cewa barguna duk suna ƙarƙashin mai jego, ko yana so ta tashe ta? Ya daɗe yana kallon ƙofar kicin ɗin.

"To ba zan yanka ba."

Ɗana ya matso wurin surukinsa yana "Ya ammi, don Allah", na ɗaga masa hannu. Na cire agogona na sa a aljihu, na naɗe hannun riga.

"Ba komai. Ba ni wuƙar."

"Kai?"

"Ni. Sau biyu na taɓa yanka a rayuwata, na biyun sai da ragon ya tashi ya zaga gida. Amma rana tana yi, mutane suna jira."

Na miƙa hannu zuwa wuƙar da ke ɗaure a ƙugunsa cikin kube. Ya buge hannuna. Na san zai buge. Mutumin da yake wasa wuƙa ya gwada ta a gashin hannunsa kafin ya kusanci dabba ba zai tsaya ya ga dillali yana gurzar wuyan rago ba.

"Matsa. Riƙe ƙafafun baya. Ba don kai ba, don dabbar."

Muka kayar da ragon, muka fuskantar da shi alƙibla. Ɗana ya danne kafaɗa. Tsohon ya zaro wani tsumma fari daga aljihu, hannunsa ya tafi bakin ragon da kansa, yadda ya saba. Na riƙe ɗaya gefen tsumman. Bai ja ba, ban ja ba. Ragon ya buɗe baki ya yi wani kuka da ya cika tsakar gidan, har jaririn ya amsa daga ciki. Tsohon ya saki tsumman.

Ya durƙusa, ya juya wa jama'a baya iyakar yadda ɗakin ya ba shi dama. Na ga gumi yana bin wuyansa. Ya shafa maƙogwaron ragon, ya ɗora wuƙa, leɓɓansa suka motsa da bisimilla, ni da nake kusa ma da ƙyar na ji. Sai ya tsaya, ya ɗago ido ya dube ni.

"Faɗi mana. Ai ubanka ne. Ga su nan suna ji."

Tsakar gidan ta yi tsit. Na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, na san shi kamar tafin hannuna, amma tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga murya da shi ba, kuma ranar ma ya ƙi fita. Na sake gwadawa, sai iska. Ƙafafun ragon suna motsi a hannuna, ƙanena yana kallon ƙasa, ɗana yana raɗa mini, "Yalla ya Baba."

Tsohon ya girgiza kai.

"Ka sace mini ƙofa a banza."

Sai ya gyara durƙuso, ya ja numfashi, ya yi kabbara da wata murya da ban san yana da ita ba, siririya, tana rawa, amma ta haye katanga. Ya ce wannan na wane ne ɗan wane, ya kira sunan mahaifina da harshensa na Burmawa da ba ya iya lanƙwasa haruffanmu, ya maimaita, sannan ya ja wuƙar sau ɗaya. Daga bayan labule matata ta rangaɗa guɗa. Dattijon nan da ya zage ni da yarensu ya ɗaga hannu yana addu'a tare da kowa, fuskarsa a murtuke.

Surukina ya goge wuƙar a gashin ragon, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango. Bai dube ni ba.

"Ba za ka ci ko tsoka ɗaya ba sai ƙofata ta koma inda take. Da sababbin ƙusoshi."

Na ce to. Na wanke hannu, na fita neman mai sayar da ƙusa da ya buɗe da wuri.